Kamfas ɗina na nutso yana ɓatar da ni a ƙarƙashin ruwa, nasa laifin ne ko nawa?

Ɗan_Fagge_a_Jidda:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu nutso da tulun iska ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun ranar Juma'a. Ni a Jidda nake aiki, shekara ɗaya da rabi kenan da na fara koyon nutso, na gama matakin farko yanzu ina kan na biyu, wanda dole sai kayi darasin bin hanya da kamfas kafin a baka shaida. Da safe muka shiga ruwa a Abhur, malamin yace in yi murabba'i, wato in tafi mita 30 in karya dama, in ƙara 30 in sake karyawa, har sau huɗu, in dawo gindin igiyar da muka sauka da ita. Ruwan ba laifi, ana hangen kamar mita 12, zurfin bai wuce mita 10 ba, ƙasa farin yashi ne ba wani dutse. Na saita zoben kamfas yadda aka koya min, na ƙirga bugun ƙafa, na juya a digiri 90, a 180, a 270, wlh ban yi wasa da ko ɗaya ba, amma da na gama babu igiya babu alamarta. Malamin ne ya taɓo ni ya nuna min ita can ta hagu, nisa sosai, sai inuwarta kawai nake gani. Muka sake, aka kuma. Na uku ma haka, kuma kowane karo ba wuri ɗaya nake ƙarewa ba.

Abinda ya fi tada min hankali shine a bakin ruwa kafin mu shiga na duba kamfas ɗin a hannuna na haɗa da na malamin, bakinsu ɗaya. To me yake canzawa in an shiga ruwa? Ruwan gishiri yana taɓa allurar ne? Ko tulun da ke bayana ne? Ko in haƙura in tara kuɗi in sayi agogon nutso mai kamfas na lantarki a ciki? Sati biyu masu zuwa zamu fita da jirgi, bana so in ɓullo nesa da jirgi iska ta kusa ƙarewa. Nagode.

Tsohon_Mai_Walda:

Wa alaikumus salam ɗana. Ruwan gishiri baya taɓa allura, cire wannan a ranka. Ruwa ko na teku ko na rijiya duk ɗaya ne a wajen kamfas.

Na yi shekaru ina nutson aiki a wajen Fatakwal da Bonny, walda da yanka da duba ƙafafun rijiyoyin mai, kuma a can kusan bamu dogara da kamfas sam, don duk inda ka waiwaya ƙarfe ne, bututu, ƙafar dandamali, sarƙar anga, allurar sai ta dinga bin su kamar akuya ta ga dusa. Igiya muke ja daga inda muka sauka zuwa wajen aiki, ita muke bi da hannu, don sau da yawa ruwan ma ko tafin hannunka baka gani. Na faɗa maka wannan ne don ka san ƙarfe da mayen ƙarfe su ne abokan gabar kamfas, to kai da kace yashi ne zalla a ƙasa, ƙarfen ba a ƙasa yake ba, a jikinka yake.

Lokacin da kuka haɗa naka da na malamin a bakin ruwa, ka riga ka ɗaura kayanka gaba ɗaya ko kuwa kamfas ɗin ne kawai a tafin hannunka? Inaga nan gizo yake saƙar. Lissafo min duk abinda ke rataye a ƙirjinka da hannayenka. Tocila wace iri ce, mai makunnin turawa ta waje? Irin waɗannan da yawansu mayen ƙarfe ne a cikin makunnin, an yi haka ne don kada a huda jikin tocilar ruwa ya shiga. Bakin shaƙar iska na biyu, wanda ake ajiyewa don abokin nutso, da me kake maƙale shi? Akwai wani maƙali da ya cika kasuwa yanzu mai mayen ƙarfe guda biyu da suke mannewa, ƙarami ne kamar kwabo amma ƙarfinsa ya isa ya juya allura. Wuƙa a ina take? Agogon nutso hannu ɗaya yake da kamfas?

Maganar tulu kuwa, in na haya ne a wuraren nutso na shaƙatawa yawanci na alminiyam ne mai lita 11, shi baya jan allura, dalmar da kake ɗaurawa a ƙugu ma bata ja. In na baƙin ƙarfe ne yana ja, amma yana bayanka, da tazara tsakaninsa da hannunka, ba shi zan fara tuhuma ba.

Ga gwajin da zakayi, baya cin ko sisi. Ka samu fili mai yashi nesa da mota da nesa da gini, kada kayi a kan siminti don akwai rodi a ciki. Ka ajiye kamfas a ƙasa ya natsu, ka ɗauko kayanka ɗaya bayan ɗaya kana kawo su kusa a hankali kana kallon faifan. Wanda ya motsa shi ka auna daga nisan da ya fara motsawa. Ka dawo ka bamu labari, kada ka sayi komai tukuna.

Bahaushen_Bahar_Maliya:

Salam ya jama'a, gaisuwa daga Port Sudan. Baba ya fadi gaskiya, mu nan busala muke ce ma kamfas, kuma kafin yakin nan ya barke a 2023 ina fita da jiragen masu yawon bude ido, na ga wannan matsalar ba sau daya ba ba sau goma ba. Akwai jirgin Italiya da ake kira Umbria kwance a kusa da tashar mu, ma'aikatansa ne suka nutsar da shi da hannunsu a watan Yuni 1940 don kada Ingila ta kwace shi da bama-baman da ke cikinsa, tsawonsa ya kai mita 150, karfe ne tun daga kai har wutsiya. In ka matso jikinsa sai kaga faifan busala yana juyawa a hankali yana bin jirgin, in ka shiga ciki kuwa sai dai ka manta da ita. Baki da yawa suna fitowa suce tasu ta lalace, nace musu lafiyarta kalau, ku matsa mita kadan daga jikin jirgin ku gani, sai ta dawo hayyacinta. A irin wurin nan jirgin kansa shine taswira, ka san ina gaba ina baya ina farfela, shikenan.

Amma ya akhi ni zan kara maka wani abu da Baba bai tabo ba, rikon da kake ma busalar. Faifan nan yawo yake a cikin mai a kan tsinin allura, in ka karkata shi da yawa gefensa yana taba gilashi ko kasa sai ya makale, kai kuma kana ganin lamba ta tsaya cak kana murna wai kana tafiya daidai alhali kana ta lankwasa. Sabbin masu nutso kusan duk haka suke, kafafu a kasa kai a sama, hannu a karkace. Ni abinda nake koya ma mutane, kafin ka yarda da lamba ka dan girgiza hannunka hagu da dama, in faifan ya tsaya a wurinsa jikin busalar ne kawai ya juya to yana yawo lafiya, in ya bi hannunka to ya makale, gyara riko. Kuma layin nan da aka zana a kan gilashi dole ya zama daidai da tsakiyar jikinka, daga cibiya zuwa hanci. In a wuyan hannu ka daura, mika daya hannun gaba ka kama gwiwarsa da mai busalar, ko ka cire ta ka rike da hannu biyu a gabanka wanda ni shi na fi so.

Sannan ruwa yana tafiya. Ko da busala bata yi karya ko digiri daya ba, ita hancinka kawai take sani inda ya dosa, bata san ruwa yana tura ka gefe ba. Shi yasa kada ka kafe ido a kanta, dauki lamba, daga kai ka zabi wani abu a gabanka kan layin, dutse ko curin murjani ko ramin wani kifi, kaje wurinsa, ka sake daukar lamba. Duba kuma ko akwai kumfar iska a cikin man, karama bata komai, babba tana danne faifan.

Malama_Fiziks:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai nutso bace, iyakata bakin ruwa, amma ina koyar da fiziks kuma tambayar ta ja hankalina, musamman inda ɗan'uwa yace kowane karo ba wuri ɗaya yake ƙarewa ba, da kuma cewa murabba'in baya rufewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba irin kuskuren da mutane suka fi zargi bane.

Kuskuren kamfas iri biyu ne kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shine bambancin da ke tsakanin arewa ta taswira da arewar da allura take nunawa. A yankin Bahar Maliya 'yan digiri ne kaɗan wajen gabas, kuma wannan baya ɓatar da mai nutso, saboda ko ina ka juya adadin ɗaya ne, in ka tafi da shi ka dawo da shi ya goge kansa, murabba'inka zai ɗan juya gaba ɗayansa amma zai rufe a gindin igiya. Sai in daga taswira ka ɗauko lambar ne zai dame ka.

Na biyu shine wanda Baba yake nufi, mayen ƙarfen da ke jikinka, kuma shi mugun abu ne don tare kuke juyawa. In ka fuskanci wani ɓangare jansa yana tafiya layi ɗaya da jan ƙasa, wato ƙarfin mayen ƙarfen duniya da ke juya allura arewa, sai kaga babu kuskure ko kaɗan, in ka karya kwana sai ya koma yana ja ta gefe, allura ta kauce digiri 15 ko 20, in ka sake juyawa ta kauce ta ɗaya gefen. Kaga kenan kwanar da kake zaton 90 ce ba 90 bace, kuma zuwa da dawowa basa goge juna. Ga lissafi mai sauƙi da zaka riƙe, kuskuren digiri 1 yana kautar da kai kusan mita 1 a duk tafiyar mita 60. Digiri 10 a tafiyar mita 100 ya kai mita 17, digiri 20 kuma wajen mita 35. A ruwan da ake hangen mita 12 kacal, ka wuce igiyarka baka ganta ba.

Abin daɗin shine ƙarfin ɗan ƙaramin mayen ƙarfe yana mutuwa da sauri in an matsa. In ka ninka tazara sau biyu, jan baya raguwa zuwa rabi, yana komawa kusan kashi ɗaya cikin takwas ne. Wato abinda ya haukata kamfas a santimita 10, in ka mayar da shi santimita 30 ko 40 da ƙyar zaka ga alamarsa. Sau da yawa ba sai ka jefar da kaya ba, wuri kawai zaka canza musu.

Wani abu kuma da ya shafi maƙalewar da ɗan'uwa na Port Sudan ya faɗa. Jan ƙasa ba a kwance yake ba, a arewacin duniya yana nutsa kan allurar ƙasa, a kudanci yana ɗaga shi sama, shi yasa masu ƙera kamfas suke sa ɗan nauyi a gefe ɗaya na faifan gwargwadon yankin da za'a sayar. Kamfanin Suunto na ƙasar Finland misali, kamfas ɗinsu na nutso SK-8 iri biyu suke fitarwa, na arewa da na kudu. In ka sayi na hannu daga wanda ya zo da shi daga Ostireliya ko Afirka ta Kudu, a Jidda faifan zai zauna a karkace tun kafin kai ka karkata hannu, sai ɗan sararin da yake da shi ya ƙare da wuri. Layin da allura take kwanciya daidai ma ba shine layin da ya raba duniya biyu a taswira ba, ta Najeriya ya ratsa, Legas tana kudu da shi duk da tana arewa a taswira. Ka duba bayan naka ko kwalinsa ka ga na wane yanki ne.

Abba_Dijital:

Ni fa a ganina duk wannan wahalar ta zamanin da ce, yallabai ka sayi agogo mai kamfas na lantarki ka huta. Nawa ko na karkata hannu yana bani lamba daidai, ba makalewa ba kumfa, ina danna maballi ya rike min hanyar da na dauka ya nuna min ta komawa ba sai nayi lissafin kara 180 a kai ba ina cikin ruwa. Da daddare ma yana haske da kansa ba sai ka haska masa tocila ba. Tunda na saya ban kara daura na allura ba.

Tsohon_Mai_Walda:

Abba, abinda ka faɗa na karkata da haske gaskiya ne, ban musa ba. Amma na lantarkin ma jan ƙasa yake saurara, ba tauraron ɗan'adam ba, siginar sama bata shiga ruwa. Duk mayen ƙarfen da ya ruɗi allura zai ruɗe shi, bambancin kawai shi ba zaka ga yana rawa ba, lamba zai baka tsaf da ƙwarin gwiwa kuma ƙarya ce. Sannan yana buƙatar saiti, ka juya shi ta kowane ɓangare nesa da ƙarfe, kuma masu cin batirin da ake cirewa irin na Shearwater kamfanin da kansa yace a sake saitin in an canza batir, don batirin ma yana da nasa jan. Mutum nawa ne suke yi? Na taɓa ganin wanda yayi saitinsa a kan jirgin ƙarfe kusa da inji, ranar gaba ɗaya arewarsa daban da ta kowa. Yaron nan in bai gano abinda ke jikinsa ba, ko ya kashe riyal dubu nawa matsalar zata bi shi cikin sabon agogon. Ya fara yin gwajin.

Abba_Dijital:

Haka ne Baba, Allah ya kara girma. Maganar batir din nan ban sani ba wlh, kuma watan jiya na canza nawa, yau zan sake saitawa.

Ɗan_Fagge_a_Jidda:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na ɗebi kayana gaba ɗaya na tafi wani fili a bakin teku, na bar mota can nesa, na shimfiɗa tawul na ɗora kamfas kamar yadda Baba yace. Wuƙa ta motsa shi kaɗan amma sai da ta kusa taɓa gilashin, kuma ita a ƙafa nake ɗaurawa, ba ruwanta. Agogona ya ɗan motsa shi in suna manne da juna. Tocila kuwa tun daga kamar tsawon tafin hannu faifan ya fara binta, kuma Baba kamar kana wurin, mai makunnin turawa ce. Amma babban ɓarawon shine maƙalin bakin iska na biyu, wannan mai mannewa, wata uku da suka wuce na saye shi don yana da sauƙin cirewa. Tun yana nesa da fiye da taƙi ɗaya faifan ya fara juyawa, da na kawo shi kusa sai arewa ta koma inda yake gaba ɗaya. Kuma a ƙirjina na dama yake rataye, ni kuma in zan karanta lamba ta tagar gefe sai in naɗe hannu in kawo kamfas ɗin daidai ƙirji, wato ina kai shi bakin abin da kaina. A bakin ruwa da muka gwada da malamin ban sa rigar ba tukuna, shi yasa bakinsu ya zo ɗaya.

Sai na sa rigar da komai a jikinta na tsaya na riƙe kamfas yadda na saba, na sa abokina ya tsaya nesa da nasa, muna fuskantar abu ɗaya muna faɗin lamba. Malama abinda kika faɗa haka yake, ta wani ɓangaren bambancinmu bai wuce digiri 3 ba, da muka juya sai ya haura 20, muka sake juyawa ya koma ta ɗaya gefen. Na cire maƙalin na mayar da na roba irin na da, tocila na sa ta a aljihun cinya, agogo ya koma hannun dama kamfas a hagu, muka sake zagayawa duk ɓangarori huɗu bamu wuce digiri 3 zuwa 5 ba. Na duba bayansa kuma na yankin arewa ne, kumfa babu.

Yau da safe na sake murabba'in. Ban faɗo kan igiyar daidai ba, na kauce kamar mita 4 ta dama, amma ina ganinta ƙarara tun kafin in gama ƙirga. Malamin ya ɗauke ni bidiyo, na gani da idona a gefe na uku hannuna ya karkata kuma ƙafafuna sun yi ƙasa, to wannan saura nawa ne, ɗan'uwa na Port Sudan zan riƙe girgiza hannun nan da zaɓen abu a gaba. Tambaya ɗaya ta rage, kamfas ɗin ya yi wata uku a jaka ɗaya da wannan maƙalin, wani lokacin ma a manne, hakan zai iya lalata shi na dindindin?

Malama_Fiziks:

Zai iya, mayen ƙarfe mai ƙarfi in ya daɗe manne da kamfas yana raunana na cikin faifan, wani lokacin ma ya juya shi arewa ta koma kudu. Naka tunda yana bin na abokinka ta ko'ina bai juya ba. Don ka gane ko ya yi rauni, ka kautar da faifan da tocilarka kamar digiri 30 ka janye ta, ka gani ko zai koma lambarsa ta farko da hanzari, ka maimaita ta ɗaya gefen. In yana jan jiki ko yana tsayawa a lamba daban-daban to a canza shi kafin ranar fita da jirgin. Kuma a jaka ka raba shi da tocilar, da lasifika, da wayar da ke da mayen ƙarfe a bayanta.

Bahaushen_Bahar_Maliya:

Tamam. Ranar jirgin kuma kada ka dauki lambarka kana tsaye a kan jirgi kusa da inji da tulunan karfe, bari sai ka shiga ruwa ka matsa kadan daga jikinsa da sarkar anga sannan ka dauka. Ka tafi da balan-balan din alama a aljihu, in iskar tulunka ta sauka zuwa bar 50 a ma'aunin matsin iska baka ga igiya ba ka daina nema, harba shi sama, kayi tsayuwar minti 3 a mita 5 ka fito, jirgi zai zo ya dauke ka.